Mijinta Mura, Mijina Korona

A shekarar korona, a cikin mako guda aka kwantar da mijina da mijin maƙwabciyata a asibiti. Gidan haya muke a Agege, ƙofarta na kallon tawa, murhunmu ma a jere suke a tsakar gida. Mijina tirela yake ja daga Apapa, nata kuwa tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Zazzaɓinsu iri ɗaya, tarinsu iri ɗaya. In wannan ya yi tari, sai wancan ya amsa masa daga ɗakinsa.

Da sakamakon gwaji ya fito, aka ce nata mura ce mai ƙarfi, irin wadda damina take kawowa. Nawa korona.

Ita kullum da hantsi za ta cika filas da kunu, ta hau danfo, bas ɗin haya, ta je ta zauna a bakin gadonsa. Ni iyakata bakin get ɗin wurin da aka killace shi. Sai in miƙa wa ma'aikaci kular abinci, da 'yar takarda a kan murfi, da rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci: "Ka daure ka ci." Kular ta dawo kusan yadda ta tafi.

Kwana biyar mijinta ya dawo da ƙafarsa. Takalman 'yan dubiya suka taru a ƙofarta har sai na tsallake su in zan ɗebo ruwa. Nawa sai da ya yi mako uku, kuma da ya dawo, daga nesa ake cewa "Sannu fa," an toshe hanci da mayafi.

Na gode wa Allah, don akwai waɗanda suka kwanta ɗaki ɗaya da shi ba su fito ba. Amma ya dawo a rame, ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ɗanɗano. Likita ya ce sai ya ci zai murmure. Na yi masa miyar kuka da man shanu, wadda tun aurenmu ba ya barin ko ɗigo. Ya kai loma biyu ya ture kwano.

"Kamar takarda nake taunawa," in ji shi.

A daidai lokacin sai mu jiyo mijin maƙwabciya: "Maman 'yan biyu, ƙaro tuwo! Ko so kike in koma asibiti?" Ta yi dariya, ludayi ya bugi tukunya. Ni kuwa in sunkuya kamar ina gyara wuta. Ba ta yi mini komai ba, amma na tsani ƙarar ludayin nan.

Na ɗauka hannuna ne ya lalace. Na ƙara daddawa. Na ƙara attaruhu, har 'yata ta riƙa cin tuwo tana hawaye. Shi dai loma biyu.

Wata rana maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Yaya, ko in zubo masa tawa miyar? Ƙila canjin hannu ya buɗe masa baki."

"Bar shi, mun gode," na ce a hankali. Na kwana biyu ba na tsayawa hira da ita.

Wajen wata biyu muna haka. Ran wata Juma'a bayan la'asar, mijina yana zaune kan tabarma a bakin ƙofa, ni ko wuta ban hura ba, sai ya ɗaga kai.

"Wa ke soya albasa da manja?"

Na duba. Tukunyar maƙwabciya ce. Hancin da na yi wata biyu ina roƙo ya buɗe, a kan girkinta ya buɗe. Na tsaya da ashana a hannu, farin ciki ya zo, wani abu mai ɗaci ya biyo bayansa. Sai na dubi wuyansa, yadda riga ta yi masa yawa. Na ɗauki kwano na tsallaka.

"Maman 'yan biyu, tayin nan na rannan, yana nan?"

"Kai Yaya, sai ka ce baƙuwa! Kawo."

Ya cinye tas, ya suɗe yatsa. Da yamma ni ma na aika mata da tawa miyar, don kada a ce na karɓa ban mayar ba. Ba a jima ba muka ji mijinta yana tari yana neman ruwa: "Wannan ai ita za ta kashe koronar!"

Washegari na rage attaruhu, maigidana ya ci rabin kwano ya ce daddawa ta yi yawa. Yanzu ya koma kan mota, yana cin girkina har ya nemi ƙari. Amma har yau, in ta ɗora manja a wuta, sai na saci kallon fuskarsa.