Motar da ke Amsa Amin

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san ba ya barin addu'a ta faɗi ƙasa. Ko a bayan katanga ka yi ta, sai ka ji "Amin!" daga inda ba ka zata ba. Yayan mahaifiyata ne, mutumin Alelu, mai fataucin albasa tsakanin Aliero, Jega da Maiyama. Bai bar ɗa ko jika ba, kuma abin na ci masa rai fiye da yadda muka sani.

Shekarun da aka ba mu jiharmu ne ya turo wata tsohuwar bas ƙofar shagona na kafinta a Jega. Ya ce in cire kujeru, in kafa gado, in yi wa risho da buta mazauni. Shi ba ya kwana gidan mutane, wai baƙo ko minshari ya yi sai an ba da labari. Kuma ba ya son a gane motar gida ce, kada masu "rage min hanya" su dame shi. Da na gama ya shafe gilasai da farin fenti, ya ce, "Saura makara. Ɗaura min ita bisa."

"Makara, Kawu? Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To, tsawon wa zan yi?"

"Auna ni mana! Wa kag gani nan?"

Wallahi haka na auna shi. Ya barbaɗa kafur a cikin motar don ya danne warin albasa. Tun daga ranar, in motar ta zo wucewa sai hira ta mutu a bakin titi, mahauta su dakata da wuƙa, kowa na "Allah ya jiƙan rai." Babu mai tsayar da shi, babu mai leƙawa.

Sai wani baƙon ɓarawo a kasuwar Maiyama, da rana tsaka, ya ga mota a inuwa ba direba. Ya buɗe ƙofar baya, sai ga mutum a miƙe, lulluɓe da farin zane har ka, ga ƙamshin kafur. Yana ja da baya gawar ta tashi zaune ta ce, "In ba shigowa za ka yi ba, ruhe min, ƙuda na shiga." Ɓarawon ya arce, takalmi ƙafa ɗaya ya bari. Kawu ya adana shi shekara da shekaru, wai ko mai shi zai kawo ɗayan.

A Andarai ne wasan ya zama gaske. Wasu dattawa suka tare shi, ɗan'uwansu ya faɗi a gona ya cika, suna neman mai kai shi gida. Ina bakin cewa makarar ta ƙarya ce? Ya shimfiɗa mamacin a kan gadonsa ya kai shi. Daga nan ƙauyuka suka san shi, bai kuma taɓa ƙin zuwa ba. Yakan sauke gawa da hantsi, ya yi ƙailula a kan gadon da azahar.

Na ce, "Kawu, ba ka jin tsoro?"

"Tsoron mi? Ban taɓa ɗaukar hwasinja masu ladabi irinsu ba. Ba mai ce min rage gudu."

Mahaifiyata ce ta kasa haƙuri. Wata rana ta tsare shi a tsakar gida ta ce, "Yaya, don Allah sauke abin nan. Kiran mutuwa kaka yi!"

Sai ya ce, "Ke kina da ɗiya, in kin tahi su roƙa miki. Ni wa gare ni? Duk wanda yac ce Allah jiƙan rai, ina ciki ina amsawa. Guzuri nika tarawa." Ranar babu wanda ya yi dariya, ni kam sai da na juya baya na share ido.

A hanyar Kimba ya cika, motar na ƙarƙashin wata tsamiya. Mutane suka yi ta wucewa tun safe suna addu'a kamar kullum, ba wanda ya matsa. Wata mai fura da ta san halinsa ce ta tsaya ta ce, "Allah ya jiƙan rai," ta saurara. Shiru. Ta sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Sai ta ajiye ƙwarya ta ɗora hannu a ka.

Ni na kwance makarar daga rufi, ta yi masa daidai cif. Motar tana nan Alelu, tayoyi sun nutse a ƙasa, kuma har yau in na bi ta wurin nakan yi addu'ar in rage tafiya ina kasa kunne.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya sa ya tarar da guzurinsa, ya haskaka makwancinsa. Ku da kuka san shi ku amsa masa, don yau ba ya iya amsawa da kansa.