Liƙin Ƙarshe na Usta Muntari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Usta Muntari Ladan, gwanin gyaran kayan lantarki, a ɗakin aikinsa da ke unguwar Umbadda. Matarsa Hajiya Khadijatu ce ta kai masa shayi, ta tarar da shi zaune a bakin tebur, gilashin goshinsa na ƙara girman abu a sauke kan idanunsa, kawiyar da yake narka dalma da ita tana ta zafi. Ta ce idanun a buɗe suke, gilashin ya mai da su manya kamar ƙwan kaza, har sau uku ta yi masa magana.

Usta, ni ne Walid, wanda ka hana wa barin kiɗa. Lokacin da ogan ɗin da nake kaɗawa ya ƙone, kai ka tsinto wayoyi da kayan cikin tsofaffin rediyo a kasuwar Suk al-Arabi, ka ƙera mini wani a akwatin katako, mummuna kamar me, amma shekara tara ina cin abinci da shi a gidajen biki. Lasifikar masallacin unguwa ma aikinka ce. Ba ka da fara'a, gaskiya, kuma wanda ya taɓa hantsakinka sai ya sha faɗa. Amma ban san wanda ya zo da kaya a lalace ka kore shi ba. Kai ka koya mini cewa ba a liƙi ana numfashi: a ɗauke shi, a ɗiga dalma, a janye hannu, sannan a sake shi.

Duk wanda ya san ka ya san abin da ya cinye ka. Ka ƙera wani ƙaramin akwati mai ɗaukar murya, 'yarka Malak ta yi waƙa a ciki don gwaji. Bayan kwana biyu yaƙi ya tashi, ta fita ba ta dawo ba. Wayoyin hannu na gidan duk an kwashe, ba hoto, ba komai. Muryarta a akwatin nan kaɗai ta saura. Shi ma a gudun hijira ya faɗi, wata ƙafa siririya kamar gashi ta tsinke a jikin ƙwayar da ke riƙe da muryar. Ka ce in zafi ya wuce kima, muryar ta goge har abada. Idonka kuma ya yi rauni. Bayan kun dawo gida, ka ƙara wa gilashin ido na biyu, ka ƙara na uku, kullum ka zauna ka kunna kawiya, ka kashe, ka tashi.

Ranar addu'ar uku Hajiya ta kira ni gefe, ta ce in gwada liƙin, ko ta ji 'yarta ko ta haƙura gaba ɗaya. Wallahi na ji tsoro. Na ɗaura gilashinka, ɗamarar tana warin guminka, na sunkuya kan akwatin. Sai na ga ba sauran aiki. Ƙafar a liƙe take, dalmar sabuwa fil tana ƙyalli, liƙin da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ashe ka yi. Ka ɗauke numfashi, ka ɗiga, ka janye hannu, numfashin ne bai dawo ba. Ko maɓallin ba ka kai ga dannawa ba.

Hajiya ce ta danna. Malak ta rera baiti ɗaya, muryarta tas kamar tana tsakar gida. Sannan ta yi dariya, ta ce:

"Baba, ka gama? To, taso mu tafi."

Tsikar jikina ta tashi, kuma har yau da nake rubutun nan ba ta kwanta ba. Hajiya ta zare wayar akwatin da hannunta, ta ce ai ya riga ya amsa wa Malak.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Muntari, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa Awadiyya da dukan dangi na Umbadda da Dar Salam. Hajiya Khadijatu kuwa, wadda ta saura ita kaɗai a gidan, Allah Ya ba ta juriyar jira, Ya sada ta da su biyun a Aljanna. Amin.