Yakutun Kaka da Motar Salaga

Duk sanda na jefa bula a ruwan wanki ya rikiɗe ya koma shuɗi, sai zoben kakarmu ya faɗo mini a rai. Na azurfa ne, da ɗan shuɗin yakutu kamar ƙwayar wake, tsarabar kakanmu daga Makka. Ana cewa yakutu na sanyaya zuciya, yana kore kambun baka, kunama ma ba ta kusantarsa. Amma a gidanmu na Zangon Kumasi aikinsa ɗaya ne: ba mai yin tafiya sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗaga shi ga hasken safiya. In ya yi garau, a sauka lafiya. In ya dushe, to, a kwance kaya.

Da damina, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, wani fatake ya kawo saƙo cewa mahaifin Mma, mahaifiyata, yana kwance a Salaga, yana kiran sunanta. Ta ɗaure ƙunshinta tun ranar. Da safe ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka. Kaka ta juya zoben, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Ya yi hazo, 'yar nan. Kogin Yeji ya cika. Bari mu ga gobe."

Goben nan, ita ce har yau! Ruwa na dukan kwano, tsakar gida duk gansakuka, warin jiƙaƙƙen ganyen goro ya cika zaure. Motocin goro na tashi zuwa arewa, muna jin ƙahonsu daga madafa, Mma na tankaɗe ba ta ɗaga kai.

Wallahi dutsen nan garau yake, ni na gani, kowa ya gani. Yanar ido ce ta rufe ganin Kaka, har ƙwaryar koko sai ta lalubo. To, wa zai ce wa tsohuwa idonta ne ya mutu? Baba ya san gaskiya, sai ya riƙa sa takalmi ya fice kasuwa tun kafin a fito da zoben. Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu da saura.

Ranar da aka aiko da labarin rasuwar mahaifin Mma, Kaka ta yi kuka da gaske, don tana son Mma. Ta dafa kan Mma ta ce, "Kin gani ko? Dutsen nan ba ya ƙarya."

Yanzu jikokina sai su hau mota da safe, su kira ni daga arewa kafin magariba, ba su nemi izinin kowa ba. Mma kuwa ba ta sake ganin Salaga ba. Bayan Kaka ta rasu, Baba ya zo da murnarsa ya ce ya kama mata kujerar gaban mota zuwa Salaga. Ta dube shi ta ce, "Malam, in je in gai da wa?"