Rumbun da Munkaila Ya Liƙe

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke bayan Tajaye ya san Munkaila mai ginin rumbu. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, bai taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Laka ce sana'arsa. Rumbunan ƙasar nan masu ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, waɗanda sai da tsani ake leƙa su, rabinsu hannunsa ne. Yanzu ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi, ido ɗaya ya yi yana, amma har gobe in ya ƙwanƙwasa jikin rumbu zai faɗa maka damina nawa ta rage masa.

Abu ɗaya ne mutane suka kasa gane masa. Yana gini, amma ba ya liƙi. In kaka ta yi, aka zuba hatsi, aka zo toshe bakin rumbu da laka, ko me za ka ba shi ba zai hau ba. Tun ana tambaya har aka gaji, aka ce halin tsufa ne, alhali tun yana da ƙarfinsa yake haka.

Liƙin rumbu kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wajen nan. In an gama girbi, mai gida yakan ware wa matarsa rabon rani, ya liƙe sauran, ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani. Abin da aka liƙe na damina ne, don noma ba ya yiwuwa da cikin wofi. Wanda bai ajiye ba, a gonar wani zai ƙare yana ƙwadago, tasa ciyawa ta cinye. Kuma mace ba ta hawa rumbun mijinta. Ba ɗiba ba, ko leƙawa abin kunya ne da za a bi ta da shi har gidan ubanta. Haka muka tarar, kuma ban ce babu hikima a ciki ba. Amma wallahi na san gidajen da hikimar nan ta ci.

Matar Munkaila, Kyauta, ta rasu shekara arba'in da suka wuce, a shekarar babbar yunwa. Ta bar masa yara biyu, mace da namiji. Macen ta yi aure a Tsarnawa. Namijin, Junaidu, shi ke gida ɗaya da uban, da matarsa Hamdiyya da 'ya'yansu biyar, na biyar ɗin yana goye. Abin da aka faɗa wa Junaidu tun yana ƙarami shi ne zazzaɓi ya kashe uwarsa, kuma bai taɓa samun dalilin shakka ba.

To, bana tsutsa ta shiga hatsi. Gonar da ke ba Junaidu dami tamanin, talatin da huɗu ta ba shi. Ya ware takwas ya ajiye wa Hamdiyya, ya zuba ashirin da shida a rumbu, ya kwaɓa laka da kansa ya liƙe, don washegari zai kama hanyar arewa, wajen haƙar zinariya. Munkaila yana zaune bayan zana yana gyaran igiya, ya ji ɗansa yana saukowa daga tsani yana cewa, "Kin dai gani. In kinka taɓa rumbun ga, bakin aurenki."

Igiyar ta faɗi daga hannun tsoho. Ranar bai ci abincin rana ba.

Bayan la'asar maza suka taru gindin itacen bedi a ƙofar gida don yi wa Junaidu bankwana. Aka ɗora shayi. Takama, sa'an Munkaila kuma abokin cin raninsa tun suna samari, shi ya riƙe hira. Shi kam baki gare shi. Ya ba da labarin yadda suka yi ga-ruwa a Ikko, da ranar da wata Bayarabiya ta bi shi da muciya don ya zuba mata ruwa a tukunyar miya. Aka yi ta dariya.

"Kai, Munkaila," in ji Takama, "ka zamna kamar an aiko ka. Ba su na ranar da munka kwana ƙarƙashin gada mana."

"Wani za ni ba su," in ji Munkaila. "Na shekarar yunwa."

Takama ya daina dariya. Ya ce, "Bar wagga magana, don Allah."

"Na bar ta shekara arba'in. Ta isa."

Ya juya ya fuskanci ɗansa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma har matan da ke bayan zana sun ji, don tankaɗe ya tsaya cak.

Ya ce a shekarar nan dami hamsin da biyu ya samu, a lokacin da wasu ko goma ba su gani ba. Ya ba Kyauta goma sha biyu da awaki uku, kamar yadda ya saba kowace shekara, ya liƙe arba'in. Liƙin da ya yi ma na nuna gwaninta ne, ya shafe shi sumul. Abokansa suna tsaye suna jiransa su tafi tasha, shi kuma ƙuruciya na ɗibarsa, ya ɗaga murya don su ji, ya ce mata in ta taɓa, a bakin aurenta. Suka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta miƙo masa guzuri.

"Ban san shekarar ba irin sauran ba ce," in ji shi. "Ina Ikko ina cin gari da ƙuli, ina cewa na bar gida da hatsi."

Abin da ya faru a bayansa, uwar Takama ce ta ba shi labari. Dangin Kyauta da ba su samu komai ba suka riƙa zuwa, ita kuma ba ta iya hana tiya ɗaya. Kafin rani ya raba, goma sha biyun nan sun ƙare. Awaki suka rame har ba mai saye. Ta koma dusa, daga dusa ta koma anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Abin da ta samu, yara take ba, ita ta sha ruwa ta ɗaure ciki da ɗankwali. Ga ciki wata bakwai. Maƙwabta suka ce ta fasa rumbu, za su tsaya mata shaida. Ta ce mai gida ya yi magana gaban mutane. Sau biyu aka ga ta jingina tsani, ta tsaya ta dube shi, ta mayar.

"Na dawo kan lokaci," in ji Munkaila. "Ban makara ba, ku ji da kyau. Hadarin farko na iso, kamar kowa. Na tarar ta kwana goma sha takwas cikin ƙasa, ita da abin da ke cikinta."

Shayi ya tafaso ya kashe gawayi, ba a kula ba.

"Da na hau rumbu," ya ci gaba, "na ga wani wuri kamar tafin hannu, lakarshi ba tawa ba ce. Ni na san hannuna. Ta hau, ta huda, ta ga hatsi da idonta. Kuma ta kwaɓa laka ta mayar ta toshe. Ga shatin yatsunta nan guda huɗu. Na buɗe na duba, ko zangarniya ɗaya ba ta zara ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Ba zazzaɓi ba ne. Yunwa ta kashe uwarka, taku goma daga dami arba'in. Ni na kashe ta da bakina."

Junaidu ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja.

"Hatsin fa, Baba?"

"Da shi anka yi mata sadaka. Da shi munka yi noma. Shi kunka ci, kai da yayarka, har kaka."

"Waɗanda sunka fasa nasu tun rani fa?"

Takama ne ya amsa, a hankali. Ya ce da yawansu damina ta same su babu komai, wasu sun binne 'ya'ya, wasu sun tashi ba su sake dawowa ba.

"To ka gani," in ji Junaidu. "Da Inna ta buɗe, da yau babu ni. Ta yi abin da ya kamata. Kai ne ba ka yi ba, da ka dube ni shekara arba'in kana ce mani zazzaɓi." Ya tashi ya kakkaɓe wando ya shiga gida.

Kai, jama'a! Tsoho ya tone kansa gaban gari, ya zubar da girman da ya tara, don a ciro laka ɗaya daga bakin rumbu, ɗan kuma ya ɗauki labarin ya ƙara wa liƙinsa ƙarfi. Da safe Junaidu ya hau amalanken jaki zuwa Tajaye. Ya yi sallama da kowa, ban da ubansa.

Wata biyu na farko yana kira, har ya aiko da ɗan abin cefane sau ɗaya. Daga nan ya ce za su shiga can cikin sahara inda babu layi. Shiru. Hamdiyya takan hau tudun bayan gari da wayarta, ta dawo ba ta same shi ba.

Munkaila ba ya shiga harkar surukarsa. Tsakaninsu gaisuwa ce daga nesa, tana durƙushe, kanta a ƙasa. Amma ido ɗayan da ya rage masa yana aiki. Ya ga tuwo ya koma kunu. Ya ga kunu ya tsinke. Ya sayar da tunkiyarsa ɗaya tilo, abin ya kai su sati uku. Ya aika Tsarnawa wajen 'yarsa, aka ce su ma haka suke. Jaririn da ke bayan Hamdiyya ya daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi. Ran nan da hantsi ya wuce ta bayan madafa, wari ya buge shi, warin da ya sani. Ya buɗe tukunya ya ga anza a jiƙe.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya jawo tsani ya jingina da rumbun ɗansa, ya rataya fartanya a kafaɗa, ya fara hawa. Rabonsa da tsani shekara shida. Kowane mataki sai ya tsaya ya huta. Kafin ya kai sama, mata sun cika katanga, wani ya ruga ya kira Takama. Takama ya iso yana ɗaga murya.

"Munkaila, rumbun ɗanka ne! Sauko, kada ka ja wa kanka abin faɗa!"

"An riga an faɗa," in ji Munkaila, ya kai wa lakar sara.

Ya jefo dami ɗaya, ya sauko da ƙyar, ya ja shi har tsakar gida. Ya ce, "'Yar nan, zo ki ɗauka."

Hamdiyya tana tsaye a ƙofar ɗaki, yaran sun riƙe mata zane. Ba ta matso ba.

"Ni na fasa, ba ke ba," in ji shi. "Ga shaidu nan cike da katanga."

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa, "kai ubanshi ne, ba a sakin uba. Ya ce in na taɓa. Hatsin da ke cikinshi ma rumbu ne, kuma ka san halinshi. Ni ina za ni?"

Ya tsaya yana kallon damin, kaji sun fara zagaye shi. Sai ya kwance igiyar damin, ya zuba zangarniya a turmi, ya ɗauki taɓarya. Wata mata a kan katanga ta yi salati. Namiji, dattijo, da taɓarya a tsakar gida, rana tsaka! Bai iya ba, rabin hatsin a ƙasa yake zuba, numfashinsa na fita da ƙara. Matar Takama ta kasa jurewa, ta shigo ta karɓe, ta yi sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta daka. Kafin azahar an dama kunu mai kauri. Yaran suka sha har suna shaƙewa.

Hamdiyya ba ta sha ba. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, jaririn yana jan nonon da babu komai a ciki.

Munkaila ya ɗauki ƙwarya ya cika. Tun da aka kawo yarinyar nan gidan, shekara goma sha biyar, bai taɓa taka ɗakinta ba, don suruki ba ya yin haka. Ya yi sallama ya shiga. Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya miƙa mata ƙwaryar da hannu biyu.

"Subhanallahi, Baba, tashi!"

"Ba ni tashi. Na binne ɗaya mai biyayya. Ba ni da ƙarfin binne ta biyu."

Ta kau da kai, hawaye na sauka. Ya ci gaba da riƙewa, kunun yana zuba a kan yatsunsa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron ta fi shi taurin kai. An daɗe a haka, har aka kira azahar bai motsa ba.

Sai jaririn ya saki nonon, ya buɗe baki, kukan bai fito ba. Ta dube shi. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar, ta kafa kai, ta sha, ta huta, ta sake sha har ta ga ƙasanta. Ta ajiye, ta goge baki da gefen zane.

"Na sha, Baba. Auren ya tafi. In ya dawo, kai za ka kai ni gidanmu."

"Ni za ni kai ki," in ji Munkaila. "Amma da ƙafafunki za ki tafi."