Labulen Morenike

Morenike ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun da ta kama ɗaki kusa da nawa a Mushin, ban taɓa ganin ta cinye amala a zaune ba. Sana'arta ɗaura wa mata gwaggwaro da yi musu kwalliya ranar biki, kuma a Legas biki ba ya yankewa. Sai korona ta zo, aka kulle gari, biki ya mutu murus.

Ta yi ta safa da marwa a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta gwada sayar da zoɓo, ba mai saye. Ga mahaifiyarta a Ilesha tana jiran maganin hawan jini. Can sai na ga ta sayo wata fitila mai zagaye, tana kulle ƙofa da rana tsaka. Da na matsa mata, ta faɗa mini: bidiyon tsiraici take sayarwa ta intanet, amma ba ta nuna fuska. Wai maza suna zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, waya a hannu, kasuwar ta fi ta biki ci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ni ma a lokacin garin rogo nake sha ba sukari, sai na ja bakina.

Fuska ta ɓoye, labule ta manta. Da ragowar ankon jana'izar kakansu aka ɗinka shi, atamfar da dangi suka sa aka buga musamman, da hoton tsohon a jiki. Wani ɗan kawunta, Boda Gbenga, dattijo a coci, ya tura wani hoto da aka ciro daga bidiyon, ga labulen a bayanta, cikin zauren dangi na waya, wai wani aboki ne ya aiko masa. Ba wanda ya tambayi sunan abokin. Aka shiga lissafin matan da suka yi ankon, zargi ya faɗa kan Abeke, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, wadda kulle ya ɗage aurenta. Har dangin ango sun fara jan ƙafa.

Morenike ta cire labulen, ta ninke, ta warware, ta cusa ƙarƙashin katifa, ta sake zaro shi. Abinci ya gagare ta. Ta leƙo ɗakina.

"Anti, in na yi shiru zai wuce, ko?"

Na ce, "Zai wuce mana. Ta kan Abeke zai bi."

Ta zagaya tsakar gida har na gaji da kallonta. Abin da take gudu tun farko shi ne kada tsohuwa ta ji. Sannan ta ɗauki waya, ta kira Ilesha.

"Mami, kin sha maganinki yau? To, nemi wuri ki zauna."

Ita ma ta jawo kujerata ta zauna.