Injin da ke jiran alwala

A shagona na gyaran kayan lantarki da ke unguwar Kumbiya-Kumbiya na taɓa haɗa wata na'ura da ta kusa sa ni zargin aljanu. Wani malamin makaranta, mutumin Kaltungo, shi ne yake son ganin zafin injin ƙyanƙyasar ƙwansa a kwamfuta. Akwatin da ke tattara awon yana fitar da wuta bolt biyar, ɗan allon lantarkin da zai karɓa ya miƙa wa kwamfutar kuwa uku da ɗigo uku yake ɗauka. Na sa resisto biyu na rage wutar.

Amma lambobin awon da ke fitowa a kwamfutar suka yi ta tsalle. Na canja waya, na canja resisto, na tsine wa wanda ya sayar mini da allon. Abin da ya ɗaure mini kai, in na dawo daga alwala na dafa kayan sai su natsu. In malamin ya dafa kuwa, haukan ya ci gaba.

Ya ce, "Malam, ko dai injin nan ya musulunta ne?"

Ban yi dariya ba, don ni ma na fara tunanin haka.

Wata azahar na dubi hannuwana, a jiƙe, ɗaya kan akwatin, ɗaya kan allon. Ban taɓa haɗa nagetif ɗinsu ba, wato hanyar da wuta ke bi ta koma. Ta jikina wutar take komawa.

Na ɗaura 'yar waya tsakanin nagetif ɗin biyu, komai ya zauna. Duk wahalar nan ina neman wayar da babu, ashe ni ne wayar.