Tanko da Ordinatar Mai Riga

Shekara goma sha ɗaya ina kabu-kabu da babur a Tawa, na ɗauki masu surutu har bayana ya gaji. Shi ya sa nake ganin girman Tanko mai gyara. In ka kai masa abu ba ya cika ka da alkawari. Zai karɓa, ya juya shi, ya shinshina, sannan ya nuna maka benci.

Ɗan Barmou ne. Da agogo ya fara a kasuwar garinsu, ya koma rediyo. Ya tafi Abijan kamar sauran samarin Adar, ya yi shekara bakwai a shagon wani mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ya dawo da akwatin kayan aiki da mita mai auna wuta. Butik ɗinsa, ɗan shagon gyara, na bayan tasha, ba shi da faɗi. Tebur ne da benci, sai randa a lungu bisa jiƙaƙƙen yashi. Ni nake ɗauko masa saƙo in ya iso daga Kwanni, a nan muka saba.

Wata Alhamis a bazarar bara, wajen ƙarfe tara, wata mata ta sauko daga motar Kalfu rungume da jaka kamar mai jinyar jariri. Malama Zaliha ce, diraktiris ɗin wata lekol, wato shugabar wata makarantar ƙauye. Tun kafin mu fita tasha ta faɗa mini damuwarta. Sunayen ɗalibanta talatin da takwas masu jarrabawar ƙarshen firamare suna cikin ordinatar da ke jakar, da ranakun haihuwarsu da lambobin takardunsu. Takardun kuwa ta riga ta mayar wa iyaye. Ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe sha biyu ofishin jarrabawa zai rufe karɓar sunaye. Kwana uku batir ba ya ɗaukar caji, ko an jona ta a wuta sai ta mutu bayan minti kaɗan. Wani a waya ya ce mata sai sabon batir daga Yamai, mako ɗaya.

Na ce, "Madam, riƙe da kyau." Na kai ta wurin Tanko.

Da ta fito da ordinatar, ni da Tanko muka dubi juna. Sanye take da riga. Riga sosai, ta atamfa kore, an cusa mata auduga kamar bargo, an yi mata ado da zare ja, har da maɓallai uku. Ta rufe ƙasa da gefuna, allo da madannai kawai ke waje.

"Wa ya yi mata wagga kwalliya?" in ji Tanko.

"Innata. Ta ce abu mai tsada ba a barinshi tsirara. Telebijin ɗinmu ma da tashi rigar."

"Allah shi saka ma Inna," in ji shi.

Bai fara da rigar ba. Ya jona wayarsa a soket ya ga akwai wuta. Ya ɗora mita a bakin caja, ya nuna wa Malama lambar.

"Caja lafiya lau."

Ya soka ta a ordinatar, ya girgiza bakin a hankali, bai yi lako-lako ba. Ya kunna. Ta tashi da gurnani kamar tsohon injin niƙa, kafin Malama ta gama cewa "Alhamdulillahi" ordinatar ta mutu.

"Ka gani ko, Malam Tanko! Haka take yi min. Ƙarfe goma saura fa."

Sai ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya zare rigar, ya ce mini, "Ma'azu, taɓa nan."

Na taɓa ƙasanta, na janye hannu. "Kai! Wannan ai a soya ƙwai."

"Batir in ya yi zafi hakanga ba shi karɓar caji," ya ce da Malama. "Kare kanshi yake. Ke ma a sa miki bargo a watan ga, a ce ki koyar."

Ta yi dariya duk da idonta na kan agogo. Ya kwance murfin baya. Ƴar fankar da ke ciki ba a ganinta, auduga da ƙura sun dunƙule a kanta. Ya tsince su da ɗan hantsaki, ya bi da tsohon buroshin haƙori, sannan ya miƙo mini famfon keke.

"Hura. A hankali, ba tayar babur ba ce."

Na hura, ƙura ta tashi ta shige mini hanci, na yi atishawa uku. Ya zare batir, ya ɗora shi a faifai bisa bakin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a butik ɗin. Daga nan ya zauna ya ɗauki wata rediyo yana dubawa kamar babu kowa.

"Malam Tanko, zama za mu yi?"

"Minti ashirin, Madam."

"Ba a iya rage shi?"

"Tambayi randa."

Minti ashirin ɗin nan Malama ta tashi ta zauna ya fi sau goma. Ni ma, da ba ɗana ko ɗaya a lekol ɗin, na kasa shan shayin da na sayo. Da lokaci ya cika ya taɓa batir da bayan hannu, ya mayar, ya ɗaure murfi, ya jona caja. Ƴar fitilar gefe ta kama, ruwan lemo. Ya kunna, shiru, babu gurnani. A ƙasan allo lambar caji ta tashi daga ɗaya zuwa biyu.

"Kwashe sunayenki a kile tukuna," ya ce, "sannan ki yi murna."

Ta kwashe su a kile, ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a gefen ordinatar. Ta ɗauki rigar tana jujjuyawa. "To me zan ce ma Inna? Kwana huɗu ta yi tana ɗinkinta."

"Ki ce mata rigar barci ce. In an kashe ta huce, a sa mata. In za ta yi aiki, a tuɓe."

Sha ɗaya da kwata muka bar butik. Muka tsaya aka buga jerin sunayen a takarda, na bi ta lungunan da na sani, na ajiye ta a ƙofar ofishin sha biyu saura minti goma sha biyar. Ta fito da hatimi a kan takardarta, yara talatin da takwas duk sun shiga.

Bayan mako biyu direban motar Kalfu ya ba ni ƙunshi in kai wa Tanko. Ƴar riga ce kore mai maɓalli ɗaya, daidai mitarsa, daga Inna. Ya juya ta, ya shinshina, ya sa wa mitar. Har yau tana ciki, sai zai yi awo yake tuɓe ta.